Yadda ake gyara ƙaramar tankar yaƙi mai rimot da dawo mata da kamanninta

Ƙaramar tankar yaƙi mai rimot kwaikwayo ce ta tankar gaske. Ana rage girman uwar bisa ƙayyadadden ma'auni, a sanya mata batir da injinan lantarki, sannan a riƙa sarrafa ta daga nesa ta hanyar saƙon rediyo. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne ɗaya bisa 16, wato kowane santimita ɗaya a jikinta yana wakiltar santimita 16 a jikin ta gasken.

Kamfanin Tamiya na ƙasar Japan ya fitar da tasa ta farko a wannan ma'auni a shekarar 1974, kwaikwayon tankar Amurka mai suna M4 Sherman. Daga baya kamfanin Heng Long na ƙasar Sin ya shigo da masu araha, har abin ya kai hannun mutanen da ba za su iya sayen na Japan ba. A Jamus akwai Torro, a Ingila kuma akwai Armortek mai ƙera manya na zallan ƙarfe a ma'aunin ɗaya bisa 6. Duk da kamannin abin wasan yara da take da shi, akasarin masu hulɗa da ita manya ne, kuma kuɗin da ake zubawa a kanta ba na wasa ba ne. Shi ya sa idan ta lalace ba a jefar da ita.

Za mu ɗauki misali da Tiger I, tankar Jamus ta Yaƙin Duniya na Biyu, domin tana cikin waɗanda aka fi kwaikwaya, kuma kayan gyaranta ba su da wuyar samu. Kamfanin Henschel ya ƙera kusan guda 1,350 a birnin Kassel tsakanin 1942 da 1944. Tsawonta har da bakin igwa mita 8.45 ne, saboda haka ƙaramar takan kai santimita 53. Nauyin uwar ya kai kusan tan 57. Da za a rage nauyin bisa lissafin da ya dace, da ƙaramar ta kusa kilo 14, amma yawancin waɗanda ake sayarwa ba su kai rabin haka ba, ta roba ma ta fi sauƙi ƙwarai. A nan ne tushen yawancin matsalolinta yake: an gina ta ne don ta ɗauki nauyin roba, masu ita kuwa sukan yi ta ɗora mata ƙarfe.

Bincike kafin sayayya

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne yin odar kaya tun ba a gano ciwon ba. Tankar da ta ƙi motsi, mai ita yakan yanke hukunci cewa allon lantarkinta ya ƙone, alhali sau da yawa waya ce ta tsinke daga dalma, ko makunni ya yi tsatsa, ko kuma rimot ɗin ne ya rabu da tankar. Na zamani suna aiki a kan zangon rediyo na 2.4GHz, inda ake ɗaura kowane rimot da tankarsa, kuma ana iya sabunta wannan ɗauri ta bin matakan da ke cikin littafin da ya zo da ita. Tsofaffin na 27MHz kuwa suna da wasu ƙananan duwatsu biyu masu lamba, ɗaya a rimot ɗaya a tanka, kuma dole lambarsu ta zo ɗaya.

Kafin a kwance ko da kusa ɗaya, a cire batir, a ɗauki hoton cikin da waya daga kusurwa daban-daban. Wayoyin suna da yawa, filogansu kuma sun yi kama da juna, kuma soka ɗaya a inda ba muhallinsa ba yana iya ƙona allon nan take. A ɗaga saman a hankali, domin wayoyin ɗakin bindiga a haɗe suke da ƙasan.

Akwai gwaji ɗaya mai sauƙi da ke raba gardama. Ƙaramar tankar ba ta da sitiyari. Moto biyu ne ke tafiyar da ita, ɗaya na sarƙar dama ɗaya na ta hagu, kuma tana juyawa ne idan ɗaya ya fi ɗaya gudu. Idan gefe ɗaya ya mutu, a ɗora ta a kan katako yadda sarƙoƙin za su rataya, a musanya filogan motocin biyu. Idan mutuwar ta koma ɗaya gefen, laifin allo ne. Idan ta tsaya inda take, to moto ne ko giyabos. Wanda ba shi da mitar auna wuta ko ƙarfen narka dalma, kowane mai gyaran waya ko rediyo a kasuwa yana da su, kuma aikin bai fi ƙarfinsa ba.

Giyabos da sarƙa

Idan ana jin kukan moto amma sarƙa ba ta motsi, ko ana jin wani ƙas-ƙas a duk zagaye, haƙoran giya ne suka zube. Giyabos iri uku ne a kasuwa: na roba, na wani gaurayen ƙarfe mai tushen zinki, da na baƙin ƙarfe. Na roba ba shi da ƙara kuma yana daɗewa muddin sarƙar ma ta roba ce. Na zinkin yana da kyan gani, amma ƙarfen mai gautsi ne, yana ci da sauri. Na baƙin ƙarfe shi ne mai ƙarko, kuma shi ne ya cancanci kuɗinsa.

Sai dai a nan ne ya kamata mai gyara ya yi dogon tunani. Sassan tafiyar tanka kamar igiya ɗaya suke, kullum inda ya fi rauni ne ke tsinkewa. Mutum ya sayi sarƙar ƙarfe don yana son nauyinta da ƙararta, sai ta cinye giyar roba. Ya sayi giyar ƙarfe, sai ƙarfin da a da yake ƙarewa a haƙorin roba mai arha ya wuce zuwa kwarangwal ɗin tankar, ya tsaga wurin da aka ɗaure giyabos, ko ya fizge ƙafar baya mai ɗame sarƙa. Idan dutse ya maƙale, moto ya tsaya cak da wuta a jikinsa, allon ne zai ƙone. Don haka duk wanda ya ƙudura komawa ƙarfe, ya lissafa tafiyar gaba ɗaya: giya, sarƙa, ƙafa mai haƙora, boris mai tallafar sandar giyabos, da shimfiɗar alminiyom a ƙasan ciki don ƙarfafa kwarangwal. Wanda aljihunsa bai kai nan ba, ya mayar da roba a madadin roba, babu abin kunya a ciki. A ganina ma, tankar da ake tuƙawa a tsakar gida mai siminti ba ta da wata bukatar sarƙar ƙarfe.

Batun gudu ma yana da nasa lissafin. Tiger I ta gaske ba ta wuce kilomita 45 a sa'a ba, daga baya ma aka rage zuwa 38 don a kare injinta. A ma'aunin ɗaya bisa 16, wannan bai kai kilomita uku a sa'a ba, wato ƙasa da tafiyar mutum a ƙafa. Yawancin masu araha sun fi haka gudu nesa ba kusa ba. Giyabos mai rage gudu yana ƙara mata ƙarfin hawa, yana rage wa moto zafi, kuma yana ba ta tafiyar ƙasaita irin ta abu mai nauyi.

Sarƙar kanta gaɓoɓi ce da aka haɗa da siraran fil. Ta gasken tana da gaɓa 96 a kowane gefe, faɗinta milimita 725, abin da ya zama kusan santimita huɗu da rabi a ƙaramar. Gaɓar da ta karye ana tura fil ɗinta waje a sauya ta ita kaɗai. Fil ɗin yakan kasance da kaushi a kai ɗaya, saboda haka ta gefe ɗaya kawai yake fita, kuma a mayar da shi ta inda ya fito. Idan sarƙa tana yawan zamewa, a duba abu uku: ɗamewarta, daidaiton ƙafar gaba mai haƙora da ta baya a kan layi ɗaya, da kuma sifirin ɗin hannayen ƙafafu, don idan ɗaya ya karye tankar takan karkace. Kada a ɗame ta kamar tsirkiya. Ta Tiger tana kwanciya ne a kan ƙafafun, da ɗan sako-sako. Akwai ruwan da ake ɗiga wa kusa don kada ta warware. Yana da amfani a inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, amma idan ya taɓa robar jikin tankar yana tsattsaga ta.

Wajen shafa mai, giris ɗin silikon ne ya dace da giyar roba, domin wasu nau'o'in giris na mota suna lalata ta. A shafa kaɗan. Sarƙa da ƙafafu kuwa a bar su a bushe. A ƙasa mai yashi da ƙurar hunturu irin tamu, mai da ƙura idan suka haɗu sai su zama tamkar samfefa, su ci abin da aka so karewa. Rufe giyabos da murfin roba ya fi yawan mai amfani.

Batir, hayaƙi da harsashi

Batir iri biyu ne: na NiMH mai bolt 7.2, da na litiyom mai bolt 7.4, wanda ɗakuna biyu ne a haɗe. Kowane ɗaki na litiyom yana cika a bolt 4.2, bai kamata ya sauka ƙasa da 3.0 ba, kuma idan za a ajiye shi na tsawon lokaci a bar shi a wajajen 3.8. Cajar wani ba ta yi wa wani. Batirin litiyom da ya kumbura ba ya gyaruwa, kuma huda shi ko matsa shi yana tayar da wutar da ke da wuyar kashewa. A yi caji a kan siminti da mutum a kusa, ba a kan katifa ba, kuma kada a bar shi cikin motar da ke tsaye a rana. Wannan gargaɗi ya shafi ’yan kasuwar da ke tara irin waɗannan kaya a shago mai rufin kwano fiye da kowa.

Na'urar hayaƙi wata ’yar waya ce mai zafi da aka naɗe da lagwani, tana ƙona ɗigon mai na musamman, fanka ko famfo ya hura shi ta bututun salansa. Idan aka kunna ta babu mai, wayar ta ƙone. Idan aka cika man, ya malale cikin tankar. Ɗigo kaɗan ya isa, kuma a kashe ta idan ba a bukata.

Wasu tankokin suna harba ƙwallayen roba masu faɗin milimita 6. Abin da ya fi toshe su shi ne tsinto waɗanda aka riga aka harba daga ƙasa a sake zubawa. Kada a taɓa leƙa bakin igwar don neman abin da ya toshe ta matuƙar batir na jiki, domin ƙwallon yana iya fasa ido. Gidan da ke da ƙananan yara gara a cire wayar wannan na'ura. Masu gasa a tsakaninsu ma da hasken da ido ba ya gani suke harbin juna, irin wanda rimot ɗin talabijin ke aiki da shi. Shi kuwa ɗakin bindiga, abin da ya fi kashe shi shi ne juya shi da hannu, wanda ke zubar da haƙoran ƙaramar giyarsa.

Ɗinke karayar jiki

Jikin yawancin masu araha an yi shi ne da robar da ake kira ABS. Sufa gulu shi kaɗai ba ya riƙe ta a wurin da ke ɗaukar nauyi, yana da gautsi, girgiza kaɗan sai ya saki. Abin da ke aiki shi ne gam mai narkar da roba, wanda ke haɗe ɓangarorin biyu su zama ɗaya kamar walda. Sinadarin asiton yana narkar da ABS. Idan aka jiƙa gutsattsarin robar a cikinsa cikin kwalba mai murfi, sai su zama kunu mai kauri da ake cike tsaga da shi. Saboda wannan dalili ne kuma ba a wanke tsohon fenti da asiton ko tinar mota, don za su cinye zanen jikin gaba ɗaya. Man birki da wasu ke amfani da shi yana sa robar ta yi gautsi.

Tsaga a fara huda ƙaramin rami a ƙarshenta don kada ta ci gaba, a liƙe, sannan a ɗora faci ta ciki. Ginshiƙin kusa da ya fashe a sanya masa zoben bututun tagulla a cika da gam mai haɗi biyu irin su Araldite. Ƙarfen zinki ba ya karɓar dalmar da aka saba da ita, sai dai a huda ɓangarorin biyu, a soka guntun waya mai ƙarfi a tsakiya, a liƙe da wannan gam. Bayan an bushe a shafa fila, a goge da samfefa mai laushi da ruwa.

Ba kowace karaya ce ake ɓoyewa ba. Sulken gaban Tiger kaurinsa milimita 100 ne, ba ya lotsewa kamar gwangwani, don haka dole a gyara shi sumul. Amma madogaran taɓo na gefe falle ne siriri, kuma hotunan yaƙi cike suke da tankokin da suka lanƙwashe su ko suka zubar da wasu. Wanda nasa ya karye yana iya yanko sabo daga gwangwanin lemo, ya ɗan lanƙwasa shi, ko ya bar gurbin haka nan.

Wace Tiger ake nufi?

Kafin a buɗe gwangwanin fenti, sai mai aiki ya zaɓi tanka ɗaya tak, ta wani wuri da wani lokaci, ya nemi hotunanta. Tiger I ta sauya kama sau da yawa cikin shekaru biyun da aka yi ana ƙera ta, kuma masana sukan gane gauraye da kallo ɗaya. Na farko-farko suna da doguwar hasumiyar kwamanda mai kama da ganga, da manyan matatan iska a baya, da ƙafafu masu bakin roba. A watan Yulin 1943 aka sauya hasumiyar da gajeriya. A wajajen Agustan shekarar aka fara shafa musu Zimmerit, wani kwaɓi mai tsagi-tsagi da aka yi don hana nakiya mai maganaɗisu mannewa, aka kuma daina shafa shi a tankokin Jamus a Satumbar 1944. Ƙafafun zallan ƙarfe sun shigo a farkon 1944. Launi ma haka: toka-toka mai duhu ne har zuwa Fabrairun 1943, lokacin da aka koma rawaya mai duhu, ana ƙara masa kore da ja-ja mai ruwan ƙasa a fagen daga.

Wadda ta fi sauƙin kwaikwayo ita ce Tiger 131, da sojojin Birtaniya suka kama a Tunisiya a watan Afrilun 1943, bayan wani harsashi ya maƙale a gindin ɗakin bindigarta ya hana shi juyawa. Tana gidan tarihin tankoki na Bovington a Ingila, ita ce kaɗai Tiger I da ke tafiya da injinta a yau, kuma ta fito a fim ɗin Fury na 2014. Lambarta na nufin kamfani na ɗaya, rukuni na uku, tanka ta ɗaya. Ta farko-farko ce, don haka wanda ya rubuta 131 a jikin tankar da ke da Zimmerit ya haɗa abin da bai taɓa haɗuwa ba.

Ƙananan abubuwa ne ke fitar da kamanni: ragar tagulla a kan tagogin inji, igiyar ja da aka yi da murɗaɗɗiyar waya a madadin ta roba mai sanƙarewa, layin walda da aka zana da fila, da eriya. Ta gasken mita biyu ce, wato santimita 12.5.

Fenti da tsufa

A wanke jikin da ruwan sabulu don cire maiƙo, a rufe fitilu da wayoyi, a fesa fentin share fage siriri. Fentin akirilik ne ya fi aminci ga roba. Na gwangwani da ake fesa wa mota yana iya yamutsa fatarta, sai an gwada a ciki inda ido ba ya kaiwa. Shafi siriri sau uku ya fi mai kauri sau ɗaya, wanda ke binne kawunan kusoshi da layukan walda. Yanayi ma yana da ta cewa. A tsananin hunturu fentin yakan bushe tun yana iska, ya sauka da kaushi kamar gari, ga kuma ƙura. Da damina kuwa laima takan sa shafin ƙarshe ya yi fari-fari. Ɗaki rufaffe daga ƙura amma mai mafitar iska, da takunkumi a hanci, su ne mafita.

Lambobi da alamomin da ake jiƙawa a manna suna bukatar wuri mai sheƙi, in ba haka ba iska ta maƙale a ƙarƙashinsu su yi kamar azurfa. Saboda haka akan fesa fenti garai mai sheƙi, a manna, sannan a shiga aikin tsufa. Ana tsinka fentin mai na masu zane, launin ƙasa mai duhu, ya zama ruwa-ruwa, a bi lunguna da shi don inuwa ta fito. Ana dangwala guntun soso a fenti a ɗan taɓa gefuna da bakin ƙofofi, inda takalman sojoji ke gogawa. A tankokin Jamus abin da ke fara bayyana a ƙarƙashin fenti shi ne jan share fage na masana'anta. Bakin fensir da aka goga a kan haƙoran ƙafa da kaifin sarƙa yana ba da ƙyallin ƙarfe, garin alli mai launi kuma yana zama ƙura.

A nan ne hannu ya fi zarcewa. Ɓantarewar milimita biyu a ƙaramar tana nufin fiye da santimita uku a uwar, kuma Tiger 131 watanni kaɗan ta yi da fitowa daga masana'anta aka kama ta. Tsatsa mai yawa ta dace da tankar da ta shekara a juji, ba wadda ke da ma'aikata biyar masu kula da ita kullum ba. Wurin tsatsa shi ne salansa, inda zafi ke ƙone fenti. Ta Tunisiya ƙura ce adonta, ta gabashin Turai kuwa taɓo.

A ƙarshe a rufe komai da fenti garai marar sheƙi, shafi biyu, domin wannan tankar hannu zai riƙa ɗaukarta, ciyawa kuma za ta goge ta. A bar ta kwana biyu ko uku ta bushe sosai kafin a mayar da wayoyi bisa hotunan da aka ɗauka tun farko. Gwajin farko a yi shi a kan katako da sarƙoƙi a rataye, a saurari giyabos na ’yan mintoci, a taɓa motocin a ji ko ɗaya ya fi ɗaya zafi, kafin a sauke ta ƙasa.